Masu Zoɓo Da Kunun Aya A Wudil: Ina Za A Sami Gora?

 Yau ba maganar shanu za mu yi ba, ko da yake a Wudil muke. Maganar gora za mu yi, watau robar nan da ake ɗura zoɓo da kunun aya a ciki.

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Juma'a a Wudil cikin bazara ya san irin ƙishirwar da take kama mutum a Kara. Tun da hantsi rana ta buɗe, ƙura ta tashi, ga mutanen Gaya da Garko da Sumaila da Takai, ga na Jigawa da Bauci, ga masu lodin shanu zuwa Kudu, kowa maƙogwaro ya bushe. Sai ka ga yara da bokiti da kula suna ratsa tsakanin turaku suna kiran mai sanyi. Abin da ke cikin bokitin nan kuwa, yawancinsa a cikin gidajen garin nan aka dafa shi, aikin matan aure ne da zawarawa da samari 'yan makaranta. Kuma ba ranar Juma'a kaɗai ake sha ba. Ga jami'ar kimiyya da fasaha da aka buɗe a 2001, wadda aka sa wa sunan Aliko Ɗangote a 2022, ga makarantar horar da manyan 'yan sanda, ga motocin hanyar Maiduguri da ke tsayawa kusa da gada dare da rana. Masu saye dai akwai su. Abin da ya yi wuya shi ne mai ƙaramin jari ya sami gora mai tsabta, da murfin da ya dace da ita, da takardar sunansa, a kan kuɗin da ba zai cinye ribar ba.

A da babu wannan matsala. Mai fura ƙwaryarta da ludayinta sun ishe ta, mai kunu tulu da kofin silba, a sha a tsaye a mayar mata da abinta. Kwalbar lemo ta gilashi kuwa ta kamfani ce, in za ka tafi da ita sai ka ajiye kuɗin kwalba. Daga baya aka shiga ƙulla zoɓo a farar leda ana sa shi ya yi ƙanƙara. Da ruwan leda ya bazu a shekarun 1990, kana ruwan gora ya biyo baya, sai idon mai saye ya canja. Yanzu ɗalibi ko direba so yake ya karɓi abu a rufe, ya jefa a jaka ko a gefen kujera, ya sha a hanya. Wadda ba ta da gora, cinikinta ba zai wuce ƙofar gida ba.

To, daga ina gorar take fitowa? Gaskiya ɗaya ce, mu faɗa wa juna. Da yawa daga cikinta tsohuwa ce. Yara ne suke tsinto ta a wuraren biki da tashoshin mota da kan bola, a tara a buhu, a sayar wa mai zoɓo, ta wanke da omo ta ɗura. Ba na zargin matan nan, don kuwa araha ce ta kai su, kuma akwai masu wankewa tsakaninsu da Allah. Amma wanki ba ya gaya maka tarihin gora. Ba ka san ko an auna fetur da ita ba, ko an zuba fiya-fiya, ko maganin feshin gona, ko kuwa a gefen gadon mai jinya ta kwana. Roba tana riƙe wari da maiƙo, ba kamar gilashi ba ce da za ka tafasa ta. In ka sa mata tafasasshen ruwa ma lanƙwashewa za ta yi. Har wata dabara ta fito, a sayi sabon murfi mai zobe a ɗaura wa tsohuwar gora, mai saye ya ji ƙarar zoben ya karye ya ɗauka sabuwa ce. Wannan kam algus ne, ba shi da wani suna.

Kada wani ya ce ana tsananta magana. Mutanen Kano ba su manta da watan Maris na 2021 ba, gab da azumi, lokacin da ɗaruruwan mutane suka kwanta a asibitoci, ana amai, wasu na fitsarin jini, wasu ƙoda ta taɓu, wasu kuma Allah ya yi musu rasuwa. Da hukuma ta bi sawu, sai aka tarar da garin lemo wanda wa'adinsa ya wuce, da kuma wani sinadari da aka shigar kasuwa da sunan ɗan tsami alhali kuwa ba na ci ba ne. Waɗanda suka haɗa lemon a gida ba su yi nufin cutar da kowa ba. Abin da suka samu a kasuwa cikin araha, a ƙulle a leda ba suna ba lamba, shi suka saya. Wancan karon ba gora ce ta yi ɓarna ba, kayan haɗi ne, amma ciwon ɗaya ne: mai sana'a bai san asalin abin da ya shigo da shi madafarsa ba. Saboda haka duk abin da zan faɗa a kan gora, a ɗauke shi har a kan sukari da ɗan tsami da kala da ƙamshi. A sayi mai buhun asali ko gwangwanin asali, mai sunan kamfani da ranar ƙarewa, kuma a karɓi rasit.

Yanzu mu hau mota mu tafi Kano, tafiyar kamar kilomita 40 ce, ta Mariri da Hotoro. Mai neman sabuwar gora ƙofa uku zai tarar. Ta farko 'yan kiri, masu shaguna a wajajen Ƙofar Wambai da Sabon Gari da Singa, waɗanda za su sayar maka da dozin biyu ko ɗari ɗaya ba su ɓata rai ba, amma a kan tsada. Ta biyu masu ƙananan injinan hura gora, waɗanda suke sayar da dila-dila. Ta uku manyan kamfanonin roba na Sharaɗa da Bompai da Calawa da hanyar Haɗeja. Can ne araha take, amma can ne kuma mai gadi zai tambaye ka dubu nawa kake so tun kafin ya buɗe maka ƙofa. Ba wulaƙanci ba ne. Injin da aka kunna ya yi zafi, aka ɗaura masa ƙarfe, aka tayar da janareto dominsa, ba za a kashe shi bayan gora ɗari biyar ba. Kowane kamfani yana da mafi ƙarancin abin da zai karɓa, kuma wannan adadi ya fi ƙarfin mace ɗaya mai tukunya biyu.

Ya kamata dillali ya san yadda ake yin gorar, don a nan ne ake cin mutum. Ba a zuba ta yadda kake ganinta. Da farko ana narkar da ƙwayar roba mai suna PET, wadda za ka ga lamba 1 a gindin gorarta, a fitar da wani ɗan abu kamar yatsa mai kauri, wuyansa da zarensa a gama. Masu aikin suna ce masa firifom. Shi ake gasawa ya yi laushi, a sa shi cikin ƙarfe mai siffar gora, wanda suke kira mol, a hura masa iska mai ƙarfi ya kumbura ya cika ƙarfen. Abu biyu ke nan suke yanke farashi: nauyin firifom, wanda ake aunawa da giram, da kuma ƙarfen. In mutum biyu suka ba ka farashi daban a kan gorar rabin lita, kada ka yi saurin cewa ɗaya ya fi sauƙi. Tambayi giram nawa ce. Mai sauƙin nan wataƙila ta ruwa ce, sakayau, wadda za ta lotsa in an jera ta a kula an danna ƙanƙara a kai.

Batun ƙarfen kuwa, shawarata gajeriya ce: mai ƙaramin jari ya manta da shi. Na sha jin samari masu zafin nama suna cewa su gora ta daban suke so, mai siffar da babu irinta, da sunansu a jikin robar. Wannan sai an sassaƙa maka mol naka, kuɗinsa kai za ka biya tun kafin a hura gora ɗaya, kana ka daure da wannan kamfani ɗaya, duk ranar da ya ƙara kuɗi ba ka da wurin gudu. Ɗauki gorar kowa, irin wadda masu hurawa uku ko huɗu suke da ƙarfenta. In wannan ya yi maka yanga, gobe ka koma wurin wancan. Bambancinka ka sa shi a takarda da kuma ɗanɗano.

Sai maganar wuya, wadda ta fi kowace jawo asara. Wata baiwar Allah a garin nan, ba zan faɗi unguwarsu ba, ta ci adashe ta aiki ƙaninta birni ya sayo mata gora a wani wuri, ya ga murfi mai araha a wani wuri dabam ya haɗo. Da ido ba ka ganin bambanci, murfin yana hawa, har ya yi kamar ya ɗauru. Aka ɗura zoɓo, aka kwantar a kula, aka ɗora a babur zuwa Darki. Kafin a isa rabin kayan ya tsiyaye, ƙanƙara ta koma ja. Da aka koma, mai gora ya ce laifin murfi ne, mai murfi ya ce laifin gora ne, kuma kowannensu gaskiya ya faɗa. Ga dalili. Wuyan da faɗinsa yake milimita 28, irin na lemon gas, kashi biyu ne, akwai mai lamba 1810 mai tsawo, akwai mai lamba 1881 gajere, kuma murfin ɗaya ba ya kama ɗaya yadda ya kamata. Gorar ruwa kuma nata wuyan dabam ne. Akwai kuma mai faɗin baki, milimita 38, wadda ta fi dacewa da abu mai kauri irin su yogot da fura da nono. Don haka in mai shago ya ce, "Hajiya, wane wuya kike so?" ba iyayi yake yi ba. Hanyar tsira ita ce gora da murfi su fito daga hannu ɗaya, a rasit ɗaya. Kafin a biya, a ɗebi guda biyar daga tsakiyar dila, ba waɗanda aka miƙo maka ba, a cika su da ruwa, a ɗaure, a kifa su a matsa da hannu. In ɗaya ta yi gumi a wuya, a bar kayan.

Haka kuma a san abin da kowace roba take iya ɗauka. Gorar PET ta yau da kullum ba ta jure zafi, in abu ya haura awo 60 zuwa 70 na ma'aunin zafi sai ta fara motsewa. Manyan kamfanoni masu ɗura lemo da zafinsa gora ta musamman suke amfani da ita, mai kauri, kuma ba ita ake sayarwa a dila ba. Ke nan mai zoɓo dole ta bari ya huce, amma a rufe, ba a buɗe ƙuda na bi ba, kana ta ɗura da mazurari mai tsabta. Farar robar nan mai duhu da ake zuba yogot, mai lamba 2 a gindi, ita ta fi jure zafi kuma tana kare nono daga hasken rana.

Sabuwar gora kuwa ba ta hana abu lalacewa, wannan a ji shi da kyau. Zoɓo yana da tsami na halitta, shi ya sa yake ɗan daɗewa. Kunun aya ba haka yake ba. In babu sanyi, abin da aka yi da safe kafin dare ya fara juyawa, ya yi iska, gora ta kumbura. Maganin hana lalacewa da ake sa wa lemo mai tsami ba ya aiki sosai a cikinsa, ƙara yawansa kuwa cuta ce kawai. Wanda bai da firiza mai wuta tsayayya, ko sola, ko mai ƙanƙara da ya amince da shi, kada ya saro gora dubu don kunun aya yana zaton zai tara kaya. Kunun aya sai dai a yi na yini a sayar a yini.

Takardar suna ita ce wurin da ƙaramin mai sana'a yake da sauƙi a zamanin nan fiye da da. Iri uku ce. Akwai takarda zalla da ake mannawa da gam, ita ce mafi araha, amma da ta kwana a ruwan ƙanƙara sai ta saɓule ta bar gora tsirara. Akwai sitika ta roba wadda ruwa ba ya ci, kuma masu ɗab'i na Sabon Gari da Fagge da ke da injin kwamfuta suna buga ta ko guda ɗari biyu ce, a yanka maka. Ita nake ba da shawara. Ta uku ita ce rigar nan da take lulluɓe gora duka, a hura mata zafi ta kama jiki. Tana da kyau ƙwarai, amma kowace kala sai an yi mata nata ƙarfen bugawa, kuma ba a buga kaɗan. Haka ledar ruwa mai suna, wadda ake sayarwa a naɗe a kan kilo, ita ma sai an yi ƙarfe an buga da yawa, ga kuma injin liƙewa. Wannan sai kasuwa ta zauna. Kuma kada a buga ranar yi da ranar ƙarewa a jikin sitika tun daga wurin ɗab'i. A bar gurbi, a sayi ɗan hatimi mai juya lamba, kullum a buga ta ranar.

To, mun ga ƙofar kamfani ta fi ƙarfin mutum ɗaya, ɗan kiri kuma yana cinye riba. Ina mafita? Ai tana nan a Kara, mun saba da ita tun kakanni. Mai saniya ɗaya ba ya ɗaukar tirela zuwa Legas. Haɗuwa ake yi, kowa ya sa alamarsa a jikin dabbarsa, a raba kuɗin mota. Gora ma haka ne. Mu yi lissafi na misali, ba farashin yau ba. A ce mace tana sayar da gora 100 a rana, kwana 6 a mako, 600 ke nan. Ita kaɗai ba mai saurarenta. Amma mata 10 irinta 6,000 suke sha a mako, 24,000 a wata. Wannan adadi mai injin hurawa zai tashi tsaye ya ba shi kujera. In a ce ɗan kiri yana ba da gora da murfi a kan naira 100, mai inji ya bayar a kan 75, aka sa 5 kuɗin mota da dako, aka ba dillali 5, ta iso Wudil a kan 85. Ragin 15 a gora 600 ya zama naira 9,000 a mako ga kowace mace, ban da kuɗin motar da take kashewa da yinin da take ɓatawa a birni. Kowa ya sa farashin da ya tarar a wannan ma'auni ya gani da kansa. Sharaɗin kawai su yarda da gora iri ɗaya da wuya iri ɗaya. Kalar murfi da sitika kowa ya yi nasa, don a gane ta wane ce.

A nan ne nake kira ga 'yan'uwa dillalai. Yawancin masu wannan sana'a matan kulle ne, ba za su je Sharaɗa su yi ciniki da manaja ba. Suna da uwar adashe, sun iya tara kuɗi, amma suna bukatar namiji ko mace mai fita wanda ya san giram, ya san wuya, ya san direba. Wannan gurbi ne na dillanci sosai, kuma kayan ba ya mutuwa a hanya, ba ya ramewa, ba ya cin dusa. Amma yana da nasa sharuɗɗan. La'ada ta zama sananniya, a faɗe ta a gaban kowa, ba a ɓoye ta cikin farashi ba. Kuɗin kafin alƙalami kada ya wuce abin da in ya maƙale ƙungiya za ta iya jurewa, sauran a biya ranar da aka ƙirga kaya. A rubuta a takarda: girman gora, giram, lambar wuya, kala, adadi, ranar bayarwa, da abin da za a yi in an sami fasassu. A ajiye gora ɗaya ta samfur a hannun uwar adashe, ɗaya a hannun mai inji, kowace da sa hannu a jikinta, don ranar gardama. Kuma dillali ya shiga ya ga injin da idonsa. Akwai masu ɗaukar hoton kayan wani su sa a waya, su karɓi kuɗi ta banki, daga nan layi ya daina shiga.

A kula da dako. Wanda ya ɗauko gora wofi, iska ya yi wa kuɗin mota. Ba ta da nauyi amma tana cika wuri, dila kaɗan sun cika bayan ƙaramar mota. Tun da aka janye tallafin mai a ƙarshen Mayu na 2023, kana aka saki naira a watan Yuni na shekarar, kuɗin mota da kuɗin ƙwayar roba duk suka tashi, don farashin roba yana bin dala da man fetur ko da a Fatakwal aka yi ta. Dabarar ita ce a nemi motocin da suka kai kaya birni za su dawo wofi. Amma ba motar shanu ba, don Allah, kuma ba wadda ta ɗauki taki ko maganin feshi ba. Dila ta zo a ɗaure cikin ledarta, a ajiye ta a ɗaki kan katako, nesa da rana da kananzir. Wani zai ce, me zai hana a kawo firifom, wanda buhu ɗaya yake ɗaukar abin da zai cika mota in an hura, a kafa ƙaramin inji a nan Wudil? Tunani ne mai kyau, kuma ina ganin ranarsa za ta zo. Sai dai injin yana son kwamfuresa mai ƙarfi da wuta tsayayya, kuma wanda zai kafa shi ya fara tabbatar da masu ɗauka a Wudil da Gaya da Garko da Darki tukuna. A fara da haɗa oda shekara guda. Littafin odar nan shi zai nuna ko inji zai ci da kansa.

Akwai kuma waɗanda cinikinsu ya fi ƙarfin madafar gida, suna son shiga manyan kantuna na birni. Kanti ba zai karɓi abin sha ba sai da lambar NAFDAC, hukumar da aka kafa a 1993, wadda take da ofis a Kano. Ba a ba da lambar sai an yi rajistar sunan kasuwanci, jami'ai sun zo sun duba wurin aiki, an gwada ruwa da abin shan a ɗakin gwaji, ma'aikata sun kawo shaidar lafiya. Takardar jikin gora kuma dole ta nuna sunan abin, da kayan da aka haɗa, da yawansa, da suna da adireshin mai yi, da lambar rukuni, da ranar yi da ta ƙarewa. Wanda bai da halin gina wuri, akwai hanya ta halal: ya yi yarjejeniya a rubuce da wata ƙaramar masana'anta wadda hukuma ta riga ta amince da wurinta, su riƙa yi masa da sunansa, a kai takardar yarjejeniyar ga hukuma a nemi lamba ta wannan kaya. Masu yogot da masu ruwa da yawa injinansu ba sa aiki yini cur, za su so ƙarin aiki. Haka nan cibiyar gwamnati ta renon masu ƙananan sana'o'in fasaha da ke Kano, ya kamata a leƙa a yi tambaya. Abin da ba ya halatta shi ne aron lamba, a ɗauki ta ruwan wani a manna a zoɓo. Lamba ta kaya ɗaya ce da wuri ɗaya. Ranar da aka kama, mai aro da mai bayarwa duk sun shiga uku.

Wanda zai kai sirrin haɗinsa masana'antar wani, ya yi hattara da abu biyu. Na ɗaya, a rubuta cewa suna da haɗin nasa ne, in an rabu ba za su ci gaba da yi ba. Na biyu, ya riƙa kai kayan haɗinsa da kansa, ko ya tsaya a auna a gabansa. Zoɓon Dawanau ko na Maigatari ba daraja ɗaya ba ne duka, akwai baƙi mai kauri, akwai ja mai tsami, akwai wanda aka cika da ƙasa da kara. Tun da Turawan Meziko suke saye da yawa, mai kyau yakan bi hanyar jirgin ruwa, a bar mana na baya in ba mu tashi da wuri ba. Lokacin sarinsa shi ne bayan kaka, daga Nuwamba zuwa Janairu. Citta ta Kaciya da Kafancan, aya ta Katsina da ƙasar Maraɗi, su ma in an haɗa kuɗi an saro buhu, an huta da awon gwangwani.

Saura maganar lokaci. Kowa ya san gora tana tsada kuma tana wuya in azumi ya gabato, don duk garin ne yake nema a mako ɗaya, masu inji kuma manyan abokan cinikinsu suke fara sallama. Oda ta azumi a Rajab ake ba da ita, in an makara farkon Sha'aban, sitika ma haka. Amma a lura da wani abu. Azumi yana ja baya kwana 10 ko 11 kowace shekara. A 2021 a tsakiyar Afrilu aka kama shi, tsakiyar zafi, a 2025 kuwa a farkon Maris. Yana tafiya ne zuwa cikin hunturu, lokacin da mai buɗa baki zai fi neman kunu mai zafi da shayi a kan zoɓo mai ƙanƙara. Saboda haka kada a ɗauki littafin cinikin azumin shekarun baya a ba da oda a kansa. A raba odar biyu, kaɗan domin azumi, mai yawa domin bazara, daga Maris zuwa saukar ruwa, a kuma yi magana da mai inji tun yanzu ya ajiye layin kashi na biyun.